Shekarar da Na Ƙi Kwance Kayan Madugu

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ara mani kwana har na ga furfura a gemun ɗana na fari. Ku 'ya'yana, da ku 'ya'yan Yaya Nomau, ku ji wannan magana daga bakina, don na gaji da jin ta daga bakin waɗanda ko haihuwarsu ba a yi ba lokacin da abin ya faru. Ana cewa wai ni, Mati mai fito, na sayar da wana a kan kantun gishiri. Kwanaki wata jikata ta tsaya gabana, ido cikin ido, ta tambaye ni kantu nawa aka ba ni. Ban doke ta ba, ba laifinta ba ne, a bakin rijiya ta tsinto. Amma ranar na haɗa tawada na fere alƙalami.

Garinmu yana tsakanin Batsari da Wagini, a bakin daji. A zamanin da nake faɗi, Sarkin Katsina ke da ƙasa, shi kuma yana kai gaisuwa Sakkwato, Nasara ko labarinsa ba mu ji sosai. Gabas da gari akwai gulbi, da rani yashi ne zalla, kuma wuri ɗaya ne raƙumi mai kaya zai iya gangarawa ya haura ba tare da ya durƙushe ba. Nan ne mashigi, nan ubanmu ya yi shekara da shekaru yana karɓar fito. Kowace shekara bayan an gama kaka, wani reshe na ayarin Azbin yakan ratso ta wajenmu da gishiri da kanwa, ya nufi kudu. Duk dabbar da ta haura da kaya sai an biya mata, raƙumi da nasa, takarkari da nasa, jaki da nasa. Kada ku ɗauka ƙwace ne. Abin da baƙo ke saya da fitonsa shi ne rijiya, da zango mai shinge, da 'yan baka da za su raka shi ya ratsa daji, don lokacin mahara daga Maraɗi ba su bar hanya ta huta ba. Abin da aka tara a kai wa mai gari, ya kai wa hakimi, hakimi ya kai Birni. Namu rabon bai taka kara ya karya ba.

Aikin yana da ƙa'ida ɗaya da Baba ya fi tsanantawa a kai: mai fito ba ya taɓa igiyar kayan baƙo. Madugu, wato shugaban ayari, shi zai tsaya ya faɗi dabbobinsa da abin da suka ɗauko, kai kuma ka karɓi maganarsa. A kan dabba ake biya, ko zinariya ta ɗauko ko ƙaiƙayi. Mutumin da ya ɗaure kaya tun daga bakin hamada, ya yi wata biyu yana lallaɓa ɗaurin nan, in ka sa hannu ka kwance, ka kira shi maƙaryaci a gaban mutanensa ke nan, kuma ka ci mashi yini guda na sake ɗauri. Baba ya ɗauke ni zuwa mashigi tun ina ƙarami, ba don na fi wana hankali ba, sai don ba na iya zama wuri ɗaya, kuma kunnena yana kama yaren Buzaye. Yaya Nomau shi aka kai gidan kawunmu ya koyi saƙa. Da Baba ya rasu, mai gari ya bar mani mashigi, Yaya bai damu ba, shi masaƙarsa ta ishe shi.

Kuma saƙa ce ta gaske. Ba don wana ne ba, ban ga hannu irin nasa ba daga nan har Safana. In ya saƙa fari ka ɗaga shi a rana, ba ka ganin inda zare ya yi kauri ko ya sirance. Gida ɗaya muke, sashensa na gabas, nawa na yamma, Inna a tsakiya. Da hantsi abin da kake ji a gidanmu ke nan, ƙarar ƙoshiyar saƙarsa daga ƙofar gida, da hirar mata suna kaɗi a tsakar gida, Inna na yi masu faɗa in zare bai fita daidai ba. Ita da yake ɗan farinta ne ba ta kama sunansa, sai ta ce “mai saƙar nan.” Rabin garinmu da auduga yake ci: mai noma ta, mai gurza ta, mai kaɗi, masaƙi, marini. In ayari ya juyo zai koma arewa, farin garinmu da geronmu yake lodawa.

Sai akoko ya zo. Ku da kuka tashi kuka tarar da shi a kowace kasuwa ba za ku gane yadda ya girgiza mu ba. Wasu fatake ne da suka raɓu da ayari suka fara kawo shi, a ɗaure cikin fatu, suka ce daga bayan hamada yake, can ma daga bayan teku. Yadi ne mai faɗi, abin da masaƙi zai haɗa ƙwarya, wato siririn ƙyallen saƙa, da yawa kafin ya samu, shi a shimfiɗe yake falle ɗaya, babu ɗinki. Ba shi da ƙwari, wanki kaɗan ya fara nuna jiki, amma araha ce da shi kamar an tsinto. Shekarar farko mutane suka taɓa suka yi dariya. Shekara ta biyu suka saya. Har matata Hajo ta sayi zane ɗaya ta ɓoye a ƙasan tukunya, ta ɗauka ban gani ba. Damina ta wuce, farin Yaya na jibge a ɗaki ba mai tayawa, matan gida suka rage kaɗi, don wa za su kaɗa wa.

Ana saura kamar wata guda ayari ya iso, wata ranar Juma'a bayan an sauko, Yaya ya tako har sashena. Wannan kaɗai ya isa ya gaya mani magana babba ce, don shi ke aikowa a kira ni, bai taɓa zuwa da ƙafarsa ba. Na sauka daga buzu na ba shi, na zauna ƙasa. Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya kamar ba gida ɗaya muke kwana ba, sannan ya ce:

“Mati, mun zauna mu masaƙa da marina. Bana in ayari ya zo, a kwance kaya. Gishiri da kanwa su wuce yadda suka saba. Akoko kuwa, cikin turmi uku ka ɗauki ɗaya. In ya yi tsada ya fi namu, mutane za su dawo hankalinsu.”

Na ce, “Yaya, ka san ƙa'idar Baba.”

“Baba bai ga akoko ba,” in ji shi. “Da ya gani, da shi zai fara zare wuƙa. Ɗiyana shida, Mati. Ban iya noma ba, ban iya fatauci ba. Abin da na iya ke nan.”

Na ce mashi zan duba. Ku riƙe wannan kalma, zan duba, don a nan na yi ɓarna. Washegari na tafi wurin mai gari. Dattijo ne mai son zaman lafiya, irin wanda in an kawo mashi rigima sai ya fara tambayar lafiyar dokinka. Ya saurare ni, ya shafa gemu, ya ce shi abin da Birni ke dubawa kada fito ya ragu, saura kuwa ni ne a bakin mashigi, ni na san baƙi, in yi abin da na ga ya dace. Na fito na san an ɗora mani kayan, an janye hannu.

Na duba ɗin kuwa, ban yi wasa ba. Na ɗauki jakina na bi hanyar da ke zagayawa ta wajen Safana, wadda manyan ayari ba su cika bi ba saboda duwatsu. Na auna ta da ƙafata: yini ɗaya kacal ta fi tamu tsawo, kuma akwai ruwa. Ke nan abin da ya riƙe ayari a garinmu bai wuce yini ɗaya da mutunci ba. Kan hanyar dawowa na biya rugar Arɗo Buba, shugaban Fulanin da ke kiwo a gefen dajinmu. Ban ma buɗe baki ba ya tare ni da tambayar yaushe kanwa za ta iso, shanunsa sun fara lasar ƙasa. In kanwa ta daina sauka a garinmu, Fulani za su bi ta, nono da taki su bi su. Sannan ga abin da masaƙa ba su hango ba, don ba su taɓa wuce Batsari ba: farinmu da ke tafiya arewa, shi ma mashigai yake ƙetarewa, a ƙasashen da ba Sarkin Katsina ke iko ba. Can ma akwai masu fito, kuma suna da kunne. Ranar da aka ji mun kwance kayan baƙo, ranar za a fara kwance namu. Kuma ko mun tare akoko a mashigi, kasuwar Wagini nan ce kusa, mace za ta je ta sayo ta dawo kafin la'asar.

Kafin in iso gida na riga na yanke: ba zan kwance ba. Abin da ya kamata in yi a fili yake. In tafi sashen Yaya, in durƙusa, in faɗa mashi tsakanina da shi, ya zage ni a cikin ɗaki, ya san abin da zai gaya wa mutanensa. Ban yi ba. Ni da ake cewa bakina ba ya da linzami, ni da nake tsayawa gaban Buzu mai takobi in yi ciniki, na kasa haɗa ido da wana. Kullum sai in ce gobe. In na ji ƙarar ƙoshiyarsa a ƙofar gida sai in fita ta baya. Shi kuma ya ɗauki shiruna a matsayin yarda, har yana gaya wa masaƙa ƙanensa ya gama magana. Inna kaɗai ta gane. Wata safiya ina wucewa ta ce, ba ta ko ɗago kai daga mazarinta ba:

“Kai, mai saƙar nan yana jiran ka. Ko e ko a'a, kai mashi da bakinka.”

Na ce to, Inna. Ban je ba.

Ayari ya iso ranar wata Talata da hantsi. Madugun shekarun nan sunansa Agali, dogon Buzu mai ƙarancin magana, tun zamanin Baba yake bin hanyar. Muka gaisa yadda aka saba, ya tambayi gari, na tambayi hanya, aka kawo mashi fura ya sha ta ƙarƙashin rawani. Sannan ya tsaya a kan yashi ya faɗi dabbobinsa da kayansu, bai ɓoye komai ba, har da raƙuma shida na akoko. Yana cikin faɗi na ga mutane na gangarowa daga gari, masaƙa da marina, hannuwan wasu shuɗi da baba, Yaya a gaba cikin rigar da ya saƙa da kansa. Ya yi wa madugu sallama, don shi mutum ne mai ladabi ko yana fushi. Sai ya zare wuƙar da yake yanke zare da ita, ya juya ƙotar, ya miƙo mani.

“Bismillah, Mati. Ga raƙuman can.”

Agali ya dubi wuƙar, ya dube ni. Hausarsa a karye take amma ba ta ɓata ma'ana. Ya ce:

“Ɗan Malam, ubanka bai taɓa igiyata ba. In ƙasarku ce ta sake doka, ku faɗa, in biya yau, ba na faɗa a garin da na sha ruwa. Amma baɗi ba za ku gan ni ba. Kuma farinku da nake kaiwa, ban san abin da za a yi mashi a can ba.”

Wuƙar na nan a miƙe. Na sa hannuwana biyu a baya, na ce:

“Yaya, ka yi haƙuri. Ba zan kwance ba.”

“Me ka ce?”

Da na tsaya nan, da wataƙila da sauƙi. Amma kun san halina, in na fara ba na tsayawa. Na shiga jero mashi dalilai a gaban jama'a, hanyar Safana, kanwar Fulani, masu fiton arewa, kasuwar Wagini, kamar malami na karantar da ɗalibi. Kowace magana gaskiya ce, kuma kowace na faɗa sai in ga wani cikin masaƙa ya saci kallon Yaya. Mutumin da ya tara su ya ce ƙanensa na hannunsa, ga ƙanen yana koya mashi hankali a gaban baƙi. Bai katse ni ba har na gama. Ya mayar da wuƙarsa kube, ya ce:

“Na ji, mai fito.”

Bai ce Mati ba. Ya juya ya haura, mutanensa suka bi shi, ni kuma na karɓi fito a kan dabba yadda aka saba.

Yanzu ga kantun gishirin da ake yi mani gori da shi. Tun zamanin Baba, kowace shekara madugu kan aika wa uwar gidan mai fito kantu ɗaya, gaisuwa ce, kowa a garin ya sani. Ranar ma Agali ya aika, wani Buzu ya ɗauko shi a kai ya ratsa tsakiyar gari da shi zuwa ƙofarmu, ya wuce ta gaban masaƙar Yaya. Abin da aka shekara ana gani ba a magana, ranar ya zama shaida. Inna ta ce kada a shigar mata da shi ɗaki. A bayan gida ya zauna awaki na lasa har ya ƙare. Wannan shi ne farashin da aka ce na sayar da wana.

Kafin ruwan farko Yaya ya tuge masaƙarsa, ya kwashi iyalinsa ya koma Zakka wurin dangin matarsa. Ya yi sallama da Inna, ya yi da Hajo, ni ya aiko a gaya mani. Inna ta yi wata uku ba ta amsa mani gaisuwa sai da kai. Da ta buɗe baki abin da ta ce shi ne ita ba ta san fito ba, ba ta san akoko ba, amma ta san ta ce in je ban je ba.

A kan shawarar kanta, har gobe ina nan inda nake, kuma ba na jin kunyar faɗi. Ayari ya ci gaba da sauka garinmu shekaru masu yawa. Fulani suka zauna, gonakinmu suka sha taki, geronmu ya samu mai saye. Wani gari a arewa da mu, ba zan kama suna ba, sun gwada abin da masaƙanmu suka nema, cikin shekara biyu zangonsu ya zama wurin kiwon awaki, kuma matansu ba su fasa ɗaura akoko ba. Masaƙanmu sun sha wuya, wannan ba ƙarya ba ne, wasu sun bar sana'ar, wasu sun koma saƙar gwado mai kauri wanda akoko bai iya kwaikwaya ba. Da za a mayar da ni kan yashin nan, hannuwana a baya za su sake komawa.

Kowace shekara bayan kaka nakan je Zakka. Yakan karɓe ni a zaure, a kawo ruwa, mu gaisa gaisuwar baƙi, ya tambayi iyali, in tambayi iyali, in tashi. Haka muka yi har Inna ta rasu, haka muka yi bayanta. Akoko ya tarar da shi a can ma, ya ƙare yana saƙa wa Fulani gwado. Shekarar da ciwon ajali ya kama shi aka aiko mani, na tafi. Na same shi kwance, ya rame, idonsa dai na nan da kaifinsa. Ya sa aka fita aka bar mu. Sannan ya ce:

“Da ka yanke igiyar nan, da me zai faru?”

Na ce, “Da ayari ya sauya hanya, Yaya. Akoko kuma ya shigo ta Wagini.”

“Na sani,” in ji shi. “Tun kana faɗi a kan yashi na san gaskiyarka ce. Ni ma na san hanyar Safana, ba kai kaɗai ke da ƙafa ba.”

Na ce, “To me ya sa, Yaya? Shekara nawa ke nan.”

Ya juya fuskarsa wajen bango. Can ya ce:

“Wata guda ina zaune a ƙofar gida, ina jin ka kana fita ta baya. Kullum in ce yau zai zo. Da ka zo ka ce mani a'a, da ni zan tare masaƙa, in ce masu ƙanena ya fi mu gani. Taku nawa ne daga sashenka zuwa nawa, Mati?”

Ranar ce ya sake kiran sunana tun daga mashigi. Na kama hannunsa na riƙe, bai janye ba. Kwana huɗu bayan nan muka kai shi.

Da na dawo gida na tsaya a ƙofar ɗakina na taka zuwa inda masaƙarsa take a da, ina ƙirgawa. Taku talatin da ɗaya ne.